Tagogin Inna Adama

A Gafasa idan ka ji mata suna cewa an yi wa amarya taga, ba maganar gini suke yi ba. Ƙunshin Inna Adama suke nufi: jan lalle har idon sawu, a cikinsa 'yan fararen ɗakuna a jere, kowanne bai wuce farcen ɗan yatsa ba, layi bisa layi, kamar ka hango gidan bene daga nesa an buɗe tagoginsa duka. Kusan shekara talatin tana wannan aiki. Waɗanda ta yi wa suna amare, yau wasunsu sun aurar da 'ya'ya, su ma 'ya'yan da tagar suka shiga ɗaki.

Ba 'yar garin ba ce, aure ne ya kawo ta daga Kademi zuwa gidan marigayi Malam Usaini manomin gyaɗa. A wurin goggonta ta koyi lalle, zamanin da ake cusa hannu cikin zunguru a zauna kamar an ɗaure akuya, a wayi gari hannu ya yi ja fal babu zane babu ado. Haka ta yi ta yi wa mutane shekaru, har ranar da wata matar ɗan kasuwa ta dawo daga Kano da ƙafa mai zane. A tsakiyar gidan suna Adama ta durƙusa, ta kama ƙafar matar nan tana jujjuyawa kamar za ta saya, har matar ta ji kunya ta faɗa mata sirrin. Baƙin salatif ne, irin wanda masu gyaran rediyo ke naɗe waya da shi. A yanka shi ƙanana da reza, a manna a fata, a shafe da lalle. Inda salatif ya rufe lalle ba ya kamawa, idan aka ɓare sai zane ya fito fari a cikin ja.

Ranar kasuwar Ajingi ta sayo salatif da reza. Ta kife wani tsohon tire na kayan aurenta, ta shimfiɗa salatif a bayansa, ta fara yanka. Sauran mata suka koyi fulawa da ganye da reshe, kowacce na ƙoƙarin ta fi 'yar'uwarta tarkace, ƙafar amarya ta koma kamar gonar da ba a yi wa noma ba. Adama ta ce ita ba ta da lokacin shuka a ƙafar mutane. Taga kawai take yankawa. Amma fa idan ta ɓare salatif ɗinta, ba ka ganin ɗigon lalle ko ɗaya ya kutsa inda ba a aike shi ba. Wasu sun gwada kwaikwayonta, tasu tagar ta fito da dabbare-dabbare. Suka ce tana tofa wani abu a cikin lallen. Ita ma da za ka ritsa ta, ba ta san dalili ba. Cewa take yi hannu ne.

To hannun ne ya juya mata baya. Da daminar bara ta fara lura, tana zuba koko a kofi sai ta ga ludayi yana kaɗawa shi kaɗai. Ta ce yunwa ce. Ta ci ta ƙoshi, bai daina ba. Daga nan hannun dama ya koma zama a ƙarƙashin mayafi. Amare uku aka kawo mata: ta ce wa ta farko idonta ke ciwo, ta ce wa ta biyu za ta Kademi gaisuwa, ta ce wa ta uku ta gaji da shinshinar ƙafar 'ya'yan mutane. Da yake an san bakinta, ba wanda ya yi zargin komai.

Sai aka sa ranar Fiddausi, 'yar ɗanta, wadda ta tashi a ɗakinta tun yaye, yanzu take koyarwa a firamare a Ajingi. Wannan kam ba ciwon ido, ba gaisuwar Kademi. A ce jikar Adama ta shiga ɗakin miji da fulawar wata a ƙafa, ai gara a ce Adama ta mutu kafin bikin, ko ba komai mutane za su yi mata uzuri.

Saura kwana tara a yi ƙunshi, da hantsi, Fiddausi ta ɗaga labule ta same ta da tire a cinya. Salatif ya yi kaca-kaca, babban yatsan hagu na jini.

"Inna, wannan taga ce ko kaza ce ta yi tono?"

"Kaza ce. Uwar kajin ma ga ta nan ta shigo ba sallama."

Fiddausi ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin gado, ta kama hannun, tana jin yadda yake rawa a cikin nata kamar ɗan tsako.

"Tun yaushe?"

"Idan kika faɗa wa ubanki, ba ni ba ke."

"Ba zan faɗa ba. Amma gobe ki shirya, Gaya za mu."

"Asibiti? Ba inda za ni."

"Asibiti na nan tafe bayan biki, ko kina so ko ba kya so. Gobe wurin mai yankan sitika za mu."

Sharfaddeen sunansa, magidanci mai furfura tsilli-tsilli a gemu, shagonsa na kusa da tasha. Shi ke yanka wa masu babur da masu motar haya rubutun da suke mannawa, shi ke yin allunan shaguna. Yana da kwamfuta a kan tebur, a gefe kuma wani dogon inji mai ɗan tsinin wuƙa a ciki, duk abin da aka zana a kwamfuta sai injin ya bi layin ya yanka a jikin ledar sitika. Fiddausi ta yi masa bayani, Adama na zaune a benci tana hararar kayan shagon ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, yaya fasalin zanen yake?" in ji shi.

"Taga. Ɗaki mai kusurwa huɗu, tsayinsa ya ɗan fi faɗinsa. Kai ba ka taɓa ganin taga ba?"

"Na taɓa, Inna, gidanmu akwai guda biyu."

Ya tura wani ɗan abu mai kama da ƙaramin kunkuru a kan tebur, sai ga taga ta bayyana a gilashin kwamfuta, layukanta a miƙe kamar an ja da zare, kusurwoyinta da tsini. Ya nuna mata farcensa, ta ce ya rage kaɗan, ya rage. Ta leƙa, ta ce ita ce. Ya danna wani abu, taga ɗaya ta zama ɗari da ashirin. Injin ya yi ƙara, wuƙar ta yi ta kai da komo, kafin Adama ta gama gyara zaman mayafinta an miƙo mata aikin da take kwana biyu tana yi. Ta ɓare ɗaya ta manna a bayan hannu, ta ji danƙon ya yi. Mamaki ya cika ta, amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ba laifi."

Wayonta ɗaya, ba ta gwada a ƙafar amarya ba. Lalle idan ya kama ba ya jin ban haƙuri. Washegari da safe ta rufe ƙofa ta yi wa ƙafarta ta hagu. Mannawa ba ta gagare ta ba, don idan ta dogara ƙaramin yatsa a jikin fata hannun yakan natsu. Ta shafa lalle, ta ɗaure da leda, ta zauna har azahar. Da ta ɓare sai ta ga abin da ba ta taɓa gani a aikinta ba. Kowace taga lalle ya kutsa ta kusurwa, wata biyu, wata duka huɗun, kamar ɓera ya kwana yana gaigayarsu.

Ranar, a tsakiyar zafin bazara, aka ga Adama da safa. Hajara maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga.

"Adama, safa a wannan rana? Ko aikin soja kika samu?"

"Sanyin ƙashi ne. Ke da ba ki da ƙashi sai tsoka ina za ki sani."

Kwana biyu tana cin rai ita kaɗai. A na uku ta naɗe tirenta a zani, ta tasa Fiddausi a gaba suka koma Gaya. Ko gaisuwa ba ta bari an gama ba, ta tuɓe safa ta ɗora ƙafar a kan benci.

"Ga aikin injinka. Ɓera ka ajiye a ciki?"

"Ɓera ɗaya gare ni a shagon nan, Inna, ga shi a hannuna, haka Turawa ke kiransa," ya ɗaga ɗan kunkurun nan. "Kuma bai taɓa cin kayan kowa ba."

"To yau ya ci."

Da wani ne, da sai ya hau rantse-rantse. Shi kuwa sai ya sa tabarau, ya durƙusa ya duba ƙafar tsohuwa da kyau, har ya nemi izini ya taɓa. Ya ce tsinin kusurwa ne ke ɗagawa idan danshin lalle ya taɓa shi, haka sitikar babur ma take fara ɓarewa daga kusurwa.

"Nawa bai taɓa ɗagawa ba, kuma shi ma kusurwa huɗu gare shi," in ji ta. Ta kwance zani ta dangwarar da tiren a kan tebur. "Ga aikin mutane nan, ka gani."

A bayan tiren akwai ragowar tagogi goma sha wani abu, waɗanda ta yanka tun kafin hannu ya fara rawa, suna nan manne. Sharfaddeen ya ɗauke su hoto da waya, ya tura cikin kwamfuta. Ya yi ta jawo hoton kusa, yana ƙara masa girma, har taga ɗaya da ba ta wuce farce ba ta cika gilashin kamar ƙofar zaure. Sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Inna, matso ki ga."

Ta matso. Tagar da ke gilashin ba ta da tsini ko ɗaya. Kowace kusurwa a lanƙwashe take, sumul, kamar bakin ƙwarya. Biyu na sama lanƙwasarsu 'yar kaɗan, biyu na ƙasa sun fi zurfi.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Taki ce, ga tabon tiren nan a gefe."

Ya matsa zuwa ta kusa da ita. Haka take. Ya matsa ta gaba. Haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, sannan ya zana layi a kan ta farko, ya ɗauko layin ya ɗora a kan sauran. Duk ya hau daidai, kamar uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya.

"Shekara goma sha biyar ina wannan aiki," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Da ma'auni nake yi, da lamba. Ke da me kika auna?"

Adama ta fito da hannun daga mayafi, ta manta ma da wanda ke kallo, ta riƙe reza ta ƙarya a iska ta yanka taga. Sai a ranar ta ga abin da hannunta yake yi. Ba ta ɗaga reza a kusurwa. Tun daga farko har ta dawo inda ta fara numfashi ɗaya ne, wuyan hannu ne ke juyawa ya sha kwana, idan ya zo wajen jikinta kwanar ta fi faɗi. Ta tuna kuma yadda takan jujjuya kowace taga a kan yatsa kafin ta manna, har sai ta ji ta zauna. Ashe ɓangaren mai zurfin take juyawa wajen diddige, inda ƙafa ta fi gangara. Shekara talatin, amare sun fi a ƙirga, ta rantse wa duk wanda ya tambaya cewa kusurwa huɗu take yankawa masu tsini kamar bulo. Hannun ya san abin da ya sani, bai taɓa ganin ya dace ya gaya wa mai shi ba.

Ta daɗe tana kallonsa yana rawarsa a gabanta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ikon Allah. Ashe kai munafuki ne tun da can."

Fiddausi ta juya fuska wajen ƙofa tana share ido.

Sharfaddeen ya buɗo tasa tagar mai tsini. A cikin kowace kusurwa akwai wani ɗan ɗigo, sai ka lura za ka gan shi. Ya kama ɗaya da ɓeran nasa ya ja shi ciki a hankali. Adama na kallo, tsinin nan huɗu suka fara narkewa tare kamar man shanu a rana. Ya ci gaba da ja, har gefe da gefe suka haɗe.

"Tsaya, tsaya. Taga na ce maka, ka ba ni kafso. Ciwon kai na ce ina yi?"

"Nuna miki nake iyakarsa, Inna." Ya mayar da ɗigon baya, tsini ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Wannan ma ya ba ta mamaki, don ita reza idan ta ci, ta ci ke nan. "Akwai gurbin da ake rubuta lamba, kwana ta tsaya daidai nan. Nawa zan sa?"

"Ka ga na yi maka kama da mai lamba?"

Ta yi ɗan tunani, ta aiki Fiddausi wurin masu awo a tsallaken titi ta roƙo mata ƙwayar gero da ta dawa. Da aka kawo, ta ɗora ƙwayar gero a kusurwar sama ta tsohuwar tagarta a bayan tire. Ƙwayar ta kwanta cikin kwanar kamar don ita aka yi. Ta ɗora dawa a ta ƙasa, ita ma haka.

"Ga lambarka nan. Gero a gaba, dawa a baya."

Ya ɗauko ɗan ma'aunin ƙarfe ya auna ƙwayoyin, yana murmushi shi kaɗai. Ya zaɓi kusurwa biyu na sama kawai, ya rubuta musu lambarsu, suka ɗan rusuna. Ya zaɓi biyu na ƙasa ya ba su tasu, suka fi rusunawa. Ya sa inji ya yanka guda ɗaya tak. Adama ba ta ko kalle ta ba. Ta rufe ido, ta bi gefenta da babban yatsa.

"Dawarka ta yi ƙiba. Ta bana ce, ba ta bushe ba. Rage."

Ya rage. Ya sake yankawa.

"Ka zarce. Mayar da rabin abin da ka cire."

Ya kalli Fiddausi. Abin da ake magana a kai bai kai kaurin zaren ɗinki ba. Ya mayar, ya yanka ta uku. Yatsan ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa, ya tsaya.

"Nan."

Sai ya zaɓi tagogin nan ɗari da ashirin gaba ɗaya, ya ba su umarni guda. A gaban idonta duk suka sauke tsininsu lokaci ɗaya, layi bisa layi, kamar sahun Idi an yi ruku'u. Adama ta dafe benci. Ba ta ce ba laifi ba wannan karon.

Saura ƙananan tagogi na kan yatsun ƙafa. Sharfaddeen ya kwafi babba ya matse ta ta zama rabi, ya ce an gama.

"Ba a gama ba. Tsini ya dawo."

"Ita ce dai, Inna, na rage mata girma ne kawai. Komai nata ya ragu daidai."

"Shi ne laifin. Taga ce ta ƙanƙance, wuyan hannuna bai ƙanƙance ba. Babba ko ƙarama, kwana ɗaya yake sha. Gero gero ne."

Ya shiga wani lungu na kwamfutar, ya nemo wani ɗan akwati mai alama a ciki, ya cire alamar. Ya ce wannan shi ke sa kwana ta bi girman zane, ta ƙaru in ya ƙaru, ta ragu in ya ragu. Ya sake matse tagar. Ta ƙanƙance, kwanarta na nan yadda take, gero a gaba, dawa a baya.

"Waɗanda suka ƙera abin nan sun san da zuwanki, Inna, har gurbi suka bar miki."

"Da sun tambaye ni tun farko da ba su wahalar da kai ba."

A mota Fiddausi ta ce ko za a gwada a ɗaya ƙafar tukuna. Adama ta ce ƙafa ɗaya ta rage mata mai mutunci, ba za ta ba da ita ba, kuma yatsanta ya riga ya gaya mata abin da zai gaya mata.

Ranar ƙunshi tsakar gida ta cika da mata tun da hantsi. Adama ta sa aka yi mata shimfiɗa a ɗaki, daga ita sai amarya, ta ce hayaniya ke ɓata lalle. Ta dogara ƙaramin yatsa a ƙafar jikarta, ta ɗauki taga ta farko, ta ji yatsunta sun jujjuya ta da kansu, mai zurfin ya kalli diddige. Wannan karon tana kallo suna yi. Ta jera, ta shafa lalle, ta ɗaure.

Bayan la'asar ba yadda za a yi a hana mata shigowa, don ɓare ƙunshin amarya a gaban jama'a ake yi. Aka fito da Fiddausi kan tabarma, aka kankare lalle. Adama ta sa farce ta ɗaga ta farko, ta kusa da diddige, inda in za a samu ɓarna nan za a fara samu. Fara tas, gefenta kamar an zana da alƙalami. Ta biyu haka. Ta bi layi har yatsu, ta koma ɗaya ƙafar, ba inda ja ya taka gonar fari. Sai wata ta rangaɗa guɗa.

Hajara ta durƙusa tana leƙen ƙafar. "Kai, Adama. An ce kin tsufa, ashe hannun nan bai san an yi ba."

Fiddausi ta kalli kakarta. Da Adama ta yi shiru, da maganar ta wuce a haka, har gobe.

Sai ta yaye mayafi, ta ɗora hannun a kan gwiwa a fili, yana ta rawarsa kowa na gani.

"Ya sani mana. Ga shi nan, tun bara yake wannan kiɗa. Wani mai gemu ne a Gaya ya yanka min da inji. Amma sai da aka tambayi wannan tukuna, shi ya faɗa musu yadda ake yi." Ta miƙe ƙafar hagu ta zare safa. "Wannan kuma aikin injin ne ranar da ba a tambaye shi ba. Ku matso ku gani da kyau, ku da kuka ce tofi nake yi."

Matan suka yo ca, wasu a kan ƙafar amarya, wasu a kan ta tsohuwa. Hajara kuwa hannun ta kama, ta juya shi ciki da baya tana dubawa, kamar yadda Adama ta taɓa juya ƙafar matar nan a gidan suna. Adama ta bar mata shi.